Ciwon kafaɗa daga filin wasa: lokacin zuwa wurin fisiyo da lokacin da waya ta isa

Tun da aka fara jin cewa ana ganin likitan fisiyo (mai gyaran gaɓɓai da tsoka ta hanyar atisaye) ta kiran bidiyo, tambaya ɗaya ke ta dawowa daga samarin Aboabo, Asawase da Sawaba a Kumasi, ƙasar Gana, musamman masu tsaron gida da masu ɗaga ƙarfe: kafaɗata ta samu matsala, in je asibiti ne ko in yi ta waya? Amsar a gajarce ita ce, ganin farko da hannu ake yin sa, dogon aikin tsakiya waya tana iya ɗauka, sannan kafin ka koma fili sai an sake taɓa ka. Ga yadda abin yake bi da bi.

Mataki na 1: Kwana biyun farko

In ka faɗi a kan kafaɗa a filin sakora (fili marar ciyawa), ko aka fizge maka hannu, ko ka ji wani abu ya ce ƙas kana tsakiyar ɗaga ƙarfe, ka bar wasan nan take. Kar ka ce bari a tashi tukuna. Cire riga ka dubi kafaɗunka biyu a madubi, ko wani ya ɗauke ka hoto ta gaba da ta baya.

Akwai alamomin da in ka ga ko ɗaya, maganar waya ba ta ma taso ba. Kafaɗar ta canza siffa, zagayenta ya ɓace ta yi kusurwa. Ƙashin da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa ya yi tudu, ko ƙarshensa ya ɗago sama. Hannu ya mutu, ko yatsu sun yi sanyi sun sauya launi. Ana taɓa gefen damtsenka ta sama ba ka ji. Ka kasa ɗaga hannun ko kaɗan. Waɗannan na sashen gaggawa ne, irin na asibitin Komfo Anokye, in kuma ba halin tafiya a kira 112. Haka nan gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, da ciwon kafaɗar hagu da ya zo da nauyin ƙirji da gumi. Na ƙarshen nan yana iya zama zuciya ce, ba wasan ba.

Gargaɗi: kar ka yarda abokai su ce "riƙe shi mu mayar". Gocewar kafaɗa takan zo da tsagewar ƙashi a ɓoye, kuma jijiyar da ke ba damtse ji da ƙarfi tana wucewa dab da wurin. Ja ɗaya na ganganci ya isa ya mai da ciwon wata biyu na shekara. Ban raina masu ɗori ba, akwai gidajen da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, amma yatsa ba ya ganin cikin ƙashi. A fara ɗaukar hoto.

In babu waɗancan alamomi, rataye hannun a wuya da ƙyalle don ya huta. Ɗauko ruwan leda da ya daskare a firji, naɗe shi a tawul, ɗora a kafaɗar minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku. Kar ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. A kwanakin nan ba gashi da ruwan zafi, ba man zafi, ba tausa, domin duk suna ƙara kumburi. Farasitamol ya isa ga yawancin mutane. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asma ya tambayi likita kafin ya sha diklofenak ko ibufrofen. Tiramol kuwa a bar shi inda yake: yana rufe ciwon ka ci gaba da lalata wurin ba ka sani ba, ga kuma abin da ya yi wa yaran unguwanninmu.

Mataki na 2: Likita, hoto da takardu

Ciwon da ya wuce kwana uku zuwa biyar bai fara sauka ba, ko yana hana ka barci, a kai shi asibiti. Fara da na kusa, kamar Manhyia ko Tafo. Komfo Anokye asibiti ne da ake turo mutane daga ƙananan asibitoci, don haka in ba gaggawa ba ce, takardar turawa tana sauƙaƙa maka hanya. Duba katin inshorar lafiyarka na NHIS tun kana gida. In ya mutu, ana sabunta shi ta *929# da MoMo (kuɗin waya).

Hoton eksire ƙashi yake nunawa: karaya, gocewa, rabuwar gaɓar saman kafaɗa. Ba ya nuna yagewar jijiyar tsoka. Saboda haka in an ce maka hoto lafiya lau amma har yanzu hannun ba ya ɗaguwa, magana ba ta ƙare ba. Wannan aikin sikanin ne ko MRI, kuma likita ne zai ce ko ana bukata. Kar ka je ka kashe kuɗin MRI don kanka kafin kowa ya duba ka, sau da yawa gwajin hannu ya wadatar. Wanda ya haura shekara 40 kafaɗarsa ta goce, shi ya fi kamata a bincika masa jijiyoyin sosai, don a wannan shekarun gocewa takan tafi da yagewa.

Karɓi hotonka da rahoton likita, ka ɗauke su a waya wurin da akwai haske. Za a yi ta tambayar ka su.

Mataki na 3: Ganin farko, ido da ido

Nan ne na fi tsayawa, domin nan mutane suke son tsallakewa.

Kan ƙashin damtse zagaye ne, ramin da yake zaune a ciki kuma ba shi da zurfi, kamar lemu a kan murfin kwalba. Abin da ke riƙe shi tsokoki huɗu ne ƙanana da suka kewaye gaɓar, da jijiyoyi, da tsokokin da ke motsa allon kafaɗa. Kowanne daga cikinsu yana iya zama tushen ciwon, kuma duk a wuri ɗaya za ka nuna da yatsa in an tambaye ka. Har ciwon wuya yakan sauko ya ɓoye a kafaɗa.

Fisiyo zai ce ka ɗaga hannu da kanka, sannan ya ce ka saki jiki shi ya ɗaga maka. In kai ka kasa amma shi ya kai hannun sama ba wahala, matsalar tana wajen tsoka ko jijiya. In shi ma ya kasa, gaɓar ce ta sandare, kuma maganin wannan daban ne. Zai danne hannunka ya ce ka tura, ya ji ƙarfin da tafinsa ya gwada da ɗaya ɓangaren. Zai buɗe hannun gefe ya juya shi baya a hankali yana kallon fuskarka, ya ga ko za ka tsorata kamar kafaɗar za ta fita. Zai juya wuyanka ya ga ko ciwon zai taso. Cikin waɗannan, ɗaga hannu da kanka ne kawai kyamara ke iya gani da kyau. Sauran sai da hannu. Wanda ya ba ka atisaye ta waya bai taɓa kafaɗarka ba, cinta yake yi, ko da kuwa ya iya aikinsa.

Kafin ka biya kowa, tabbatar fisiyo ne na gaske. A Gana hukumar Allied Health Professions Council ce ke ba su lasisi. Tambayi lambar lasisinsa, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Mai tausa a wurin motsa jiki, ko koci da ya ga raunuka da yawa, yana da amfaninsa, amma ba shi ne wannan ba.

Je da singileti, ko rigar da za ta bar kafaɗa da allonta a fili. 'Yar'uwa da ke buga ƙwallon hannu ko ta raga tana da damar neman fisiyo mace, ta faɗa tun wurin yankar kati. Kar ka fito sai ka ji amsar waɗannan: mene ne sunan ciwon, wane motsi aka hana ni kuma har yaushe, atisaye nawa zan yi a rana, kuma za ka yarda mu ci gaba ta bidiyo? Roƙe shi ya bari wani ya ɗauke ka bidiyo kana yin kowane atisaye a gabansa yana gyara maka. Wannan bidiyon ya fi duk wanda za ka samo a YouTube, don kafaɗarka ce a ciki.

Mataki na 4: Zaɓen hanya

Waya ta dace da wanda ciwonsa ya taru ne a hankali, irin na mai ɗaga ƙarfe da ke jin suka in hannu ya kai tsayin kafaɗa, ko mai jifa da bugun sama. Ta dace da ƙaramin targaɗe, da wanda ya riga ya wuce makonnin farko ya shiga ƙarfafa tsoka. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa a irin waɗannan ciwuka, wanda ake bi ta bidiyo yakan samu sauƙi daidai da mai zuwa asibiti. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: atisayen da kake yi kullum a ɗakinka shi ne maganin, fisiyo mai saiti ne.

Ba ta dace ba a makonnin farko bayan tiyata, lokacin da wani ne ya kamata ya motsa maka hannun kuma ya duba ɗinkin. Ba ta dace da kafaɗar da ta goce fiye da sau ɗaya ba, ko mai mutuwar hannu, ko gaɓar da ta sandare, wadda ta fi kama masu ciwon suga. Akwai kuma mutumin da ya san halinsa: in ba a sa masa rana ya tashi ya je ba, ba zai yi komai ba. In kai ne wannan, kar ka yaudari kanka, je asibitin.

Mataki na 5: Shirya ɗaki da waya

Rabin amfanin kiran yana lalacewa ne a kan saitin waya. Kar ka riƙe ta a hannu. Ɗora ta a kan tebur ko benci daidai tsayin ƙirjinka, jingine da gwangwanin Milo ko littattafai, ka ja baya kamar taku uku har a gan ka daga ƙugu zuwa inda yatsunka ke kaiwa in ka miƙa hannu sama. Haske ya kasance a gabanka. In taga tana bayanka, inuwa kawai fisiyo zai gani. Ka bar wurin da za ka juya, don zai so ya gan ka ta gaba, ta gefe, da ta baya, kuma ta bayan nan ce ta fi muhimmanci saboda allon kafaɗa.

A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, zaɓi lokacin da yara suna makaranta. Cika caji tun da wuri saboda ɗaukewar wuta, sayi data kafin lokaci, kuma gwada kiran da wani a daidai wurin da za ka tsaya, don sabis yakan bambanta daga ɗaki zuwa ɗaki. In akwai ƙani ko aboki, ya zauna kusa ya riƙa matsar da wayar. Ku yi magana tun farko cewa ba a naɗar kiran sai da izininka, mata musamman.

Kayan aiki ba su da yawa: sandar mofa ko muciya, ƙaramin tawul, alli, da robar atisaye da ake samu a wasu shagunan magani da na kayan wasanni a Adum. In ba ka samu ba, tsohon tiyub na keke da aka tsaga biyu yana yi, sai dai ka duba shi kullum kar ya tsinke ya mare ka a ido. Abin nauyi kuwa, ledar ruwa ɗaya rabin kilo ce, babbar kwalbar Voltic mai lita 1.5 kilo ɗaya da rabi ce.

Mataki na 6: Atisayen, daki-daki

Fisiyonka ne zai ce ga wanda za ka yi da ranar da za ka wuce gaba. Wanda aka yi wa tiyata kuma tsarin likitan da ya yi aikin zai bi, ba wannan ba. Amma jerin kusan kullum haka yake.

Da farko ana neman motsi ne. Dafa tebur da lafiyayyen hannu, sunkuya, saki mai ciwon ya yi lilo gaba da baya. Kwanta rigingine ka riƙe sanda da hannu biyu, lafiyayyen ya tura mai ciwon sama. Tsaya gaban bango yatsunka su hau shi a hankali, ka sa alamar alli inda ka tsaya, ka rubuta ranar a gefe. Wannan alamar za ka nuna wa kyamara kowane mako, ita ce ma'auninku tunda ba ya kusa.

Sai tada tsoka ba tare da motsi ba. Manna gwiwar hannu da haƙarƙari a lanƙwashe, tura bayan hannunka a bango daƙiƙa 5 zuwa 10, saki, maimaita.

Daga nan roba. Ɗaure ta a ƙarfen taga daidai tsayin cibiya, matse naɗaɗɗen tawul a hammata, juya hannun waje gwiwar na manne. Sannan fuskanci tagar ka jawo robar zuwa cikinka kana haɗa allunan kafaɗa biyu. Galibi sau 10 zuwa 15 ne, zagaye uku. Bayan haka ake zuwa ɗaga ledar ruwa, sai kwalba, sai tura bango da tafi biyu, sai ƙasa.

Gargaɗi ga wanda kafaɗarsa ta goce: a makonnin farko kar ka buɗe hannun gefe ka juya shi baya, irin tsayuwar mai shirin jifa. Ta nan ta fita, ta nan za ta sake fita. Har miƙa hannu kujerar baya a mota yana ciki.

Maganar zafi: auna shi daga 0 zuwa 10. In yana 3 ko 4 lokacin atisaye kuma ya lafa kafin washegari, ci gaba. In suka ce mai kaifi, ko ka kwana ba barci, ka yi yawa, rage nauyi ko adadi, ka faɗa wa fisiyo ranar. Kuskure biyu ke nan da suka fi yawa, kuma kishiyoyin juna ne. Ɗaya ya rataye hannu wata guda saboda tsoro har gaɓar ta sandare, alhali bayan gocewa ta farko ratayar ba ta cika wuce sati ɗaya zuwa uku ba. Ɗayan ya ga kwana goma ba zafi ya koma ɗaga ƙarfe a benci da nauyinsa na da. Na uku kuma ƙarami ne amma yana cin mutane: ɗage kafaɗa zuwa kunne lokacin ɗaga hannu. Kai za ka ga hannun ya kai sama ka yi murna, alhali tsokar wuya ce ta yi aikin. Shi ya sa ake son bidiyon baya.

Tsakanin kira da kira, tura gajeren bidiyo na daƙiƙa 30 ta WhatsApp in kun yi da shi haka. Ba shi labarin abubuwan yau da kullum, sun fi "da sauƙi" amfani: kana iya shafar kai a alwala? Kabbara tana kaiwa kunne? Sujada tana ɗaukar nauyinka? Kana sa riga ba taimako, kana kai hannu aljihun baya? Kana kwanciya ta wannan gefen? Cikin azumi, mai da atisayen roba bayan shan ruwa.

Mataki na 7: Lissafin kuɗi

Farashi ya bambanta sosai tsakanin asibitin gwamnati da na kuɗi, don haka tambaya tun farko, kuma tambayi tsawon zaman, wanda yakan kai minti 30 zuwa 45. NHIS yana ɗaukar fisiyo na marasa kwanciya a asibitocin da ke karɓar katin. Kiran bidiyo kuwa ka ɗauka daga aljihunka ne sai in an ce maka ba haka ba.

Kuɗin zaman ba shi ne babban abin ba. Ciwon jijiyoyin kafaɗa yakan so wajen sati 12 na atisaye kafin a yanke hukunci ko ya yi ko bai yi ba. Sau biyu a sati, zuwa 24 ke nan. Kowane zuwa akwai kuɗin pragya (keke mai ƙafa uku) da tirotiro (motar haya) zuwa da dawowa, akwai layi, akwai rabin yini da ka rufe shago a Kejetia ko ka bar aiki a Suame Magazine. Ga mai zuwa daga Ejura ko Offinso, yini guda ne cur. In ka haɗa hanyoyin biyu, sai ka je da ƙafarka sau huɗu ko biyar, misali sati na 1, na 2, na 6 da na 12, sauran ta waya.

Gargaɗi: kar ka tura kuɗin zama goma gaba ɗaya ta MoMo ga wanda ka gani a Facebook ko TikTok ba ka taɓa sanin inda yake aiki ba. Biya zama ɗaya ɗaya, ka duba sunan da ya fito kafin ka sa lambar sirri.

Wasu suna ganin in ba a sa musu fitilar gashi ko na'urar lantarki mai tsikari ba, ba a yi musu komai ba. Suna da daɗi, suna rage zafi na ɗan lokaci, amma ba sa ƙara wa tsoka ƙarfi. A ganina ba su kai a rufe shago saboda su ba. Allurar cikin gaɓa ma haka, tana kwantar da ciwo na wasu makonni don ka samu damar atisaye, yawan maimaita ta kuma yana raunana jijiya.

Mataki na 8: Komawa asibiti, komawa fili

Bar wayar ka je da kanka in sati huɗu zuwa shida sun wuce alamar allin ba ta motsa ba, in hannun yana ƙara rauni, in mutuwar hannu ta taso, in ciwon dare yana ƙaruwa, ko in ka ji kafaɗar ta zame ta koma.

Ko komai yana tafiya daidai, ganin ƙarshe ido da ido ne. Rashin zafi bai isa izini ba. Ana so motsin ya yi daidai da ɗaya hannun, ƙarfin ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na lafiyayyen, kuma a sa hannun a tsayuwar jifa a danna ba ka ji tsoro ba. Wannan ba a auna shi ta kyamara.

Komawar ma hawa-hawa ce. Gola ya fara da kamun ƙwallo a tsaye, sai faɗuwa daga durƙuso a kan ciyawa ko katifa, sai faɗuwa daga tsaye, sannan wasan gwaji, kafin gasa. Mai ɗaga ƙarfe ya fara da rabin nauyin da ya saba, ya bar ɗagawa ta bayan wuya, kar kuma gwiwar hannu ta sauka ƙasa da benci sosai a makonnin farko. Koci ya ji wannan daga bakin fisiyo in da hali, don shi ne zai ce "saura kai kaɗai muke jira".

Ga iyaye da masu riƙe da ƙungiyoyin yara: matashin da bai kai shekara 20 ba, in kafaɗarsa ta goce sau ɗaya ya koma wasan da ake karo, fiye da rabinsu takan sake gocewa. In ta fita karo na biyu, a nemi ganin likitan ƙashi a yi maganar tiyata, kar a tsaya ga atisaye kaɗai. Wanda ya warke kuma ya riƙe atisayen roba sau biyu ko uku a sati har ƙarshen kakar wasa, minti goma kafin a fara horo.